Tsakanin Malam, Kemis Da Dawanau: Wa Zai Yi Wa Mai Firgici Bayani?

Akwai wata lalura da ke yawo a gidajenmu na karkarar arewacin Kano, daga Minjibir zuwa Ɗambatta, daga Bichi zuwa Kunci da Tsanyawa, wadda kusan kowa ya taɓa ganin mai ita, amma kowa da sunan da yake laƙaba mata. Mace tana tsakar gida tana surfe, ko saurayi yana kwance bayan sallar isha'i, ba wanda ya koro shi, ba wanda ya kawo masa mugun labari, sai kawai gabansa ya yanke ya faɗi. Zuciya ta shiga dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya keto, jiki ya ɗauki ɓari, jiri ya kwashe shi. Sai ka ji mutum yana salati yana cewa, "Ku yafe ni, yau kwanana ya ƙare." Kafin a nemo mai babur, abin ya fara lafawa. Bayan kwana uku ko mako biyu, ya sake dawowa.

Daga nan bakuna suke rabuwa. Uwar miji ta ce iska ce, a kira malam. Maƙwabciya ta ce jifa ne, a sa ido a kan kishiya. Mai kemis ya ce olsa ce ta taso, ko hawan jini, ko taifot, ya ɗaura ruwa. Maigida, in aljihunsa ya gaji, ya ce kissa ce irin ta mata. Ɗan bokon gidan kuma ya ce a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, sunan da ke sa zaure ya yi tsit. Kowa da hujjarsa, ita kuwa mai ciwon tana zaune cikin zullumin ranar da abin zai dawo ya tafi da ita.

Ni matsayina a fili yake, kuma gara in faɗe shi tun yanzu. Da dama daga cikin masu wannan hali, in an duba su an tabbatar babu wata cuta a zuciya ko a jini, ciwon firgici ne ke damun su. Lalura ce da likitoci suka san kanta. Ba hauka ba ce, ba raunin imani ba ce, ita kanta ba ta kisa, kuma tana cikin lalurorin da suka fi jin magani. Babban abin da mutanenmu suka rasa shi ne bayani. Mutum zai zaga malamai da kemis da asibiti, ya sayar da akuya da buhun gero, amma ba a samu wanda ya zaunar da shi ya gaya masa abin da ke faruwa a jikinsa ba. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma wannan ciwo a cikin duhun yake girma.

To, mene ne yake faruwa? Allah ya halicci ɗan'adam da wani tsari na kare kai. Idan manomi yana noma ya ga kububuwa a gindin kunya, kafin ya yi tunani wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwarsa ya riga ya aika saƙo. Jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu don ta tura jini ƙafafu da damatsa, numfashi ya ƙara sauri, gumi ya zubo. Wannan ni'ima ce, da ita ake tsira. Ciwon firgici shi ne wannan tsari ya tashi alhali babu kububuwa. Kamar karen gadi ne da ya kama haushi da tsakar dare ya ta da gida kaf, aka fito da fitila da gora aka zaga, ba a ga kowa ba. Haushin gaskiya ne, tashin hankalin mutanen gida ma gaskiya ne, ɓarawon ne dai babu.

A 1986 wani masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Oxford ta Ingila, David Clark, ya fayyace yadda abin yake ciyar da kansa. Mutum ya ji ɗan bugun zuciya, wataƙila don ya sha shayi mai kauri, ko ya cika cin goro, ko bai samu barci ba. Sai ya raya a ransa cewa mutuwa ce ta zo. Wannan tunani ya ƙara tsoro, tsoro ya ƙara adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, bugun kuma ya zame masa shaida cewa lallai mutuwar ce. Saurin numfashi yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da ƙima, shi ne yake kawo jiri, leɓɓa da yatsu su riƙa jin kamar ana tsira musu allura, wani lokaci har yatsun hannu su ƙandare su lanƙwashe. Wanda bai san wannan ba, in ya ga yatsun 'yarsa sun murɗe tana zare ido, yaya ba zai ce mutanen ɓoye ne ba? Ban ga laifinsa ba. Laifin na waɗanda suka sani ne suka yi shiru.

Ga kuma abin da nake so mai karatu ya riƙe da kyau. Firgicin yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, kuma mafi yawa yana ɗaukar tsakanin minti 5 zuwa 20 ne, sannan ya sauka da kansa, ko an yi wani abu ko ba a yi ba. Saboda haka duk abin da aka yi a wannan tsakani shi ne yake kwashe yabo. In malam ne ya yi tofi, a ce tofi ne. In garwashi aka kawo aka zuba turare, a ce hayaƙi ne. In allura aka yi, a ce hannun mai kemis yana da kyau. Faɗuwa ce take zuwa daidai da zama. Da abin ya dawo sai a koma wurin mai maganin, a sake biya, a sake jira. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kafin in amsa wa masu ja da ni, akwai sharaɗin da ba zan sassauta ba: ba kowane bugun zuciya ne firgici ba. Ƙarancin jini, wanda ya yi katutu a tsakanin matanmu masu ciki da masu goyo, yana kawo haki da bugun zuciya. Haka nau'in ciwon maƙoƙo da ke sa jiki zafi da rama, haka asma, haka faɗuwar sukari, haka gubar maganin feshi a jikin manomin da ya yi feshi ba kariya. Farfaɗiya ma wani lokaci da firgita take farawa. Sama da duka akwai ciwon zuciya na masu jego. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka rubuta yawansa a ƙasar Hausa, kuma binciken Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya ƙara nuna cewa yankinmu yana cikin wuraren da ciwon ya fi yawa a duniya. Mai jegon da take haki, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matasai, wannan asibiti za a kai ta yau, ba gobe ba. Haka dattijon da ƙirjinsa ya yi nauyi, ciwon yana sauka hannu ko muƙamuƙi. Duk wanda abin ya same shi karo na farko, a auna jininsa, a saurari zuciyarsa. Sai an kawar da waɗannan ake maganar firgici.

Masu hujja ta farko su ne suka fi yawa, kuma su na fi girmamawa, domin iyayenmu ne da malamanmu. Suna cewa, "Kai kana musun aljanu ne?" A'a, ba na musu. Musulmi ba ya musun halittar da aka sanya wa sura guda sunanta a Alƙur'ani. Amma tambayata ita ce, wa ya tabbatar cewa wannan da ke gabanmu aikin aljani ne? Da me aka auna? Shan inna ma da iska kakanninmu suke danganta shi, har aka gano ƙwayar cuta ce, aka bi gida-gida da ɗigon rigakafi, a 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar. Imaninmu ya ragu ne don mun yarda da haka? Idan alamomin da yarinyar Makoɗa take ji su ne daidai waɗanda ake gani a Masar da Indiya da Amurka, kuma magani iri ɗaya yake warkar da su, me zai hana mu fara da abin da aka sani kafin mu tafi ga abin da yake ɓoye?

Kuma ku duba illar. Ciwon nan tsoro ne abincinsa. Ka ɗauki matar da take jin za ta mutu, ka ce mata akwai baƙin aljani a jikinta da yake son aurenta, ko ka ce an binne mata wani abu a bakin ƙofa. Me ka yi mata? Ka ba ta abin tsoron da za ta kwana da shi ta tashi da shi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wadda numfashinta ya sarƙe a lulluɓe ta da zane a tura mata hayaƙi, a yi mata ihu a kunne, wasu har da bulala da sunan aljanin ake duka, alhali fatar 'yar mutane ce take tashi. Maganar jifa kuwa ta raba zumuncin da ba ya ƙirguwa. Kishiyar da ba ta ji ba ba ta gani ba ta zama abin nuni a gari, 'ya'yan uba ɗaya su tashi ba sa shan ruwan ɗakin juna.

Duk da haka gaskiya ɗaya ce, dole in faɗe ta. Karatun Alƙur'ani cikin natsuwa, da addu'a, da zikiri, suna kwantar da zuciyar mumini, kuma babu likitan kirki da zai hana majinyaci su. Malamin da ya ce, "Kwantar da hankalinki 'yata, za mu yi addu'a, amma gobe a kai ki asibiti a duba ki," ya yi rabin aikin likita. Rigimata da mai tsoratarwa ce, wanda yake ƙara wa majinyaci fargaba don kasuwarsa ta ci gaba da ci.

Masu hujja ta biyu suna cewa raunin imani ne, wai mai tawakkali ba ya firgita. Wannan magana tana da zafi, domin tana ɗora wa mara lafiya laifin ciwonsa. Alƙur'ani ya ba mu labarin yadda tsoro ya kama Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sa'ad da ya ga sandarsa tana motsi kamar maciji. Ba ina cewa annabawa sun yi wannan ciwo ba, ina cewa tsoro ɗabi'ar jikin ɗan'adam ce, ba ma'aunin imani ba. Mai hawan jini muna ce masa imaninsa ne ya yi rauni? Ga kuma abin da 'yan bokonmu da yawa ba su sani ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a shekara ta 934 miladiyya, ya rubuta littafin Masalihul Abdani wal Anfus, ya ware babi a kan tsoro da firgici, ya ɗauke su a matsayin ciwon da ake yi wa magani ta hanyar gyara tunani. Har ya ba da shawarar mutum ya tanadi ingantattun tunane-tunane tun yana lafiya, yadda ake ajiye magani a gida don ranar buƙata. Masanin nan ɗan Sudan, Farfesa Malik Badri, shi ya fassara wannan sashe zuwa Ingilishi. Hanyar da ake kira ta Turawa, malaminmu ya riga su da kusan shekara dubu.

Masu hujja ta uku su ne masu cewa ciwon 'yan gayu ne, na waɗanda suka ƙoshi, talakan ƙauye ina ya ga lokacin firgita? Ko su ce shagwaɓa ce. Alƙaluma ba su goyi bayansu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da lalurorin fargaba a duniya, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai yake samun magani. Wani babban bincike da ya haɗa ƙasashe 25, wanda aka wallafa a 2016, ya gano kusan mutum 13 cikin 100 sun taɓa samun irin wannan firgici ko da sau ɗaya a rayuwa, kusan 2 cikin 100 kuma ya zame musu ciwo mai maimaituwa. Mata sun kusa ninka maza, kuma yakan fara ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekarun aure da haihuwa. A nan gida, binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a farkon shekarun 2000 ya nuna lalurorin fargaba su ne suka fi yawa a cikin lalurorin ƙwaƙwalwa, kuma cikin masu lalura mai tsanani kashi 8 cikin 100 ne kacal suka samu magani a shekarar da ta gabaci binciken.

Wa ma ya ce zaman ƙauye babu tashin hankali? Ƙasarmu ta kewayen Kano tun shekarun 1960 masana irin su Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, suke nazarinta saboda cunkoson jama'arta: gona manne da gona, ba a barin ko kunya ɗaya ta huta. Yau gonar kaka an raba ta gado sau biyu sau uku, abin da ya rage bai ciyar da gida zuwa bazara. Taki ya yi tsada, kuɗin mota ya haura tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Matasa suna cirani, matansu suna riƙe da gida da bashi. Mace ta ga 'yar'uwarta ta rasu wurin haihuwa, ita ma ga ciki. Mutanen Shanono da Tsanyawa da ke kan iyakar Katsina sun san abin da ake nufi da kwana da kunne ɗaya saboda 'yan bindiga. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ko da yake ciwon yana iya kama wanda ba shi da wata damuwa a fili, musamman in akwai shi a dangi, wahala da rashi da razana suna buɗe masa ƙofa.

Abin da ya sa ba ma ganin yawansa shi ne yana da wurin ɓuya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu: mai firgici yakan fara guje wa duk inda abin ya taɓa kama shi. Namiji ya daina shiga cunkoson kasuwa, ya daina shiga motar haya, ya koma sahun ƙarshe a masallacin Juma'a don ya samu hanyar fita, daga baya ya daina zuwa. Sana'a ta mutu, a ce ya zama malalaci. Mace kuwa, a inda ake kulle, wa zai lura ta daina fita? Ta bar zuwa biki da suna, ta bar zuwa awo, ba ta yarda a bar ta ita kaɗai a gida, sai a yaba mata a ce kamun kai ne da ita. A garin da katanga take jingine da katanga, labari ba ya kwana, shi ya sa uwa za ta gwammace ta rufe ciwon 'yarta da a ce tana da iska manema su watse.

Yanzu bari in juya kan namu ɓangaren na maganin zamani, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu hujja ta huɗu suna cikin kemis da ƙananan asibitoci, su ne masu ganin kowane ciwo allura ne maganinsa. A auna jini a ga ya ɗan hau saboda tsoro, nan take a yanke wa matashiya hukuncin hawan jini na har abada. Ko a yi gwaji a ce taifot ne, a ɗora ta a kan ƙwayoyin da ba ta buƙata. Ko kuma, wanda ya fi muni, a ce mata "lafiyarki ƙalau, babu abin da ke damunki," ta fito tana ganin an mai da ita maƙaryaciya. Ina za ta nufa in ba wurin wanda zai yarda da ita ba, ko da ƙarya zai gaya mata? Sai kuma diyazefam da danginsa. Suna kwantar da mutum nan take, shi ya sa ake son su, amma jiki yana sabawa da su, ya nemi ƙari, in an daina kuma firgicin ya dawo da ƙarfi. A ƙa'idojin da ta sabunta a 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a riƙe irin waɗannan ƙwayoyi a matsayin maganin ciwon firgici. Jihar da ta ga abin da kodin ya yi wa matanta da matasanta kafin a hana shi a 2018 ba ta buƙatar wani sabon shaye-shaye da sunan magani.

To, mene ne maganin? A lokacin da abin ya taso, a rage taron jama'a, a bar mutum ɗaya mai sanyin murya. A zaunar da majinyaci inda iska take. A ce masa, "Na san kana jin jiki, amma wannan ya taɓa zuwa ya wuce, yanzu ma zai wuce." A taya shi numfashi a hankali, ya ja ta hanci, ya saki a hankali fiye da yadda ya ja. In yana son tasbihi ya yi, daidai da numfashin. Ba hayaƙi, ba ɗura, ba jijjiga, ba koke-koke a kansa.

Maganin da yake cire ciwon daga tushe kuwa na zama ne da magana. Ma'aikacin da aka horar yana zama da majinyaci sau ɗaya a mako, na kamar wata uku. Ya fara da bayanin abin da jiki yake yi. Sannan su bi tunanin da ke zuwa lokacin firgicin ɗaya bayan ɗaya: sau nawa ka ji za ka mutu, sau nawa ka mutu? Daga nan ya sa shi ya jawo alamomin da gangan a gabansa, ya yi ɗan gudu a tsaye har zuciya ta buga, ko ya juya har jiri ya zo, don ya gani da idonsa cewa bugu da jiri ba sa kisa. Gani ya kori ji. Sai a koma wuraren da aka guje wa, mataki-mataki: yau bakin kasuwa, jibi cikinta, wani mako motar Kano. Akwai kuma wani abu mai muhimmanci. Muddin mutum ya yi imani cewa layar da ke ƙugunsa ko ƙwayar da ke aljihunsa ce ta hana shi mutuwa, ba zai taɓa gane cewa da ma ba mutuwar zai yi ba. Waraka tana kammala ne ranar da ya shiga kasuwa ba tare da wani abin riƙo ba sai Allah.

Ga wanda ciwonsa ya yi tsanani, akwai ƙwayoyin da likita yake rubutawa, irin su fuluwoksetin da satiralin. Ba sa aiki nan take, sukan ɗauki mako biyu zuwa shida, wani ma a kwanakin farko yakan ji kamar abin ya ƙaru. Wanda ba a yi masa wannan bayani ba zai watsar da su a mako na farko ya ce ba su karɓe shi ba. Ana ci gaba da sha wata shida ko fiye bayan an samu sauƙi, a rage a hankali bisa shawarar likita. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa wa likita halin da suke ciki. A rage goro da shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari, a nisanci taramadol da wiwi. In kuma baƙin ciki ya haɗu da firgicin har mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, wannan ba maganar jira ba ce, a kai shi ga likita.

Masu hujja ta ƙarshe su ne suka fi kusa da gaskiya. Suna cewa, "Duk mun ji, amma ina likitocin?" Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, 'yan ɗaruruwa ne, kuma a manyan birane suke. Ga mutumin Gabasawa ko Bagwai zaɓin shi ne asibitin Dawanau ko na Malam Aminu Kano, da kuɗin mota da kwana a layi da tsoron a gan shi. Haka ne. Amma ba ƙin asibiti mutanenmu suke yi ba. A binciken da likitocin Kano, Mohammed Kabir da Zubairu Iliyasu da abokansu, suka yi a ƙauyen Karfi suka wallafa a 2004, kashi 46 cikin 100 sun zaɓi a kai mai lalurar ƙwaƙwalwa asibiti, kashi 34 suka zaɓi maganin addu'a da makamantansa. Masu son asibiti sun fi yawa tun a wancan lokaci. Asibitin ne bai iso gare su ba.

Kuma ciwon firgici ba ya buƙatar babban likita a kowane ƙauye. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa bisa tsari, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna abin yana aiki. A nan Najeriya, tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya kafa tsarin jinya a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, yana aiki tare da masu maganin gargajiya. A 2020 Gureje da abokansa sun nuna a Ibadan da Kumasi cewa in ma'aikatan lafiya na matakin farko suka haɗa hannu da masu maganin gargajiya da na addini, majinyata sun fi samun sauƙi, kuma a kan lalurar da ta fi firgici tsanani aka gwada. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan bokon da suke ganin sai an ture malamai gefe za a ci gaba, ba su san wanda mutanen gari suke fara buga wa ƙofa da tsakar dare ba.

Doka ma ba ita muka rasa ba. Tun 1991 manufar lafiya ta ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan asibitocin matakin farko. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin mulkin mallaka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shiri tun 2008 na koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba gane irin waɗannan lalurori da kula da su. Takardu sun cika, aiki ne ya rage.

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Abin da nake nema daga Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko shi ne a samu aƙalla ma'aikaci ɗaya a kowace mazaɓa, kuma a fi ba mata fifiko domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, wanda zai iya bambance firgici da ciwon zuciya, ya yi bayani da Hausar da tsohuwa za ta gane, ya san lokacin da zai tura mutum gaba. A tara limamai da masu ruƙiyya da ungozomomi da masu kemis a kowace gunduma a koya musu alamomin, hakimai da dagatai su tsaya a kan hana duka da hayaƙi. Gidajen rediyonmu, da suke sayar da sa'o'i ga masu tallar maganin aljanu, su ware ko da rabin sa'a a mako ga likita. Wannan duka bai kai kuɗin gina asibiti ɗaya ba.

Ku kuma magidanta, naku ya fi sauƙi kuma ya fi gaggawa. Ku yarda da matanku da 'ya'yanku in sun ce suna jin jiki, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku kai su a auna su kafin ku zargi kowa da jifa. In an ce firgici ne, ku tambayi ma'aikacin lafiya ya yi muku bayani har ku gane, in bai iya ba ku nemi wanda ya iya. Ku ci gaba da addu'a, ku haɗa da magani, domin da duka biyun addininmu ya umarce mu. Ciwon da aka san kansa, aka san maganinsa, babu dalilin da zai ci gaba da cinye gonaki da aure da ƙuruciyar 'ya'yanmu, kuma duk shekarar da ta wuce ba a horar da waɗannan ma'aikata ba, alhakin yana wuyan waɗanda muka zaɓa da mu da muka ƙi tambayar su.